Yadda Jami'in Kula da Ma'aikata Zai Kare Wurin Aikinsa daga Saɓa wa Dokokin Ƙwadago

Yawancin kamfanoni da makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da na sani a Abuja ba da sashen kula da ma'aikata suka fara ba. Sun fara ne da mai gida da direbansa da wani ɗan uwa mai riƙe littafin kuɗi, daga nan Allah ya buɗa, aka ɗauki mutum goma, aka ɗauki talatin, amma salon tafiyar da jama'a bai canza daga yadda yake a ranar farko ba: da baki ake ɗauka, da baki ake ƙara albashi, da baki ake sallama. Na taɓa aiki a wani kamfanin gine-gine da ke yankin Idu, inda aka zargi mai kula da sito da ɓatan buhunan siminti bayan ya shekara shida yana aiki, aka gaya masa a bakin ƙofa cewa kada ya sake shigowa. Da takardar lauyansa ta iso, na shiga wurin mai kamfanin na ce, "Ranka ya daɗe, ina takardar ɗaukarsa aiki, kuma ina takardar da aka tuhume shi da ita?" Sai ya ce, "Ai yaron gida ne, wace takarda kuma?" Da muka duba littafin albashi sai muka tarar an yi shekaru ana cire masa kuɗin fansho ba a tura ko kwabo asusunsa ba. Abin da aka biya shi a sulhu ya ninka kuɗin simintin, kuma har yau babu wanda ya san ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, domin ba a taɓa zaunar da shi an tambaye shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin aikin jami'in kula da ma'aikata, ta fuskar doka, ya rataya a kan abu biyu, wato takarda da kwanan wata. Abin da ba a rubuta ba yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali ko da gaskiya ne, kuma haƙƙin da aka biya bayan lokacinsa ya wuce yakan zo da tara. Rubutu bai rage wa amana komai ba, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi tsakanin mutanen da suka yarda da juna.

A fara da ƙidaya

Kafin a buɗe kowace doka, a zauna a rubuta sunan duk wanda ke shiga wurin da safe ya yi aiki a biya shi, tun daga manaja har mai shara da mai gadi da yaron da ake aike, tare da ranar da ya fara da abin da yake karɓa da unguwar da yake kwana. Wannan ƙidaya tana da muhimmanci saboda dokoki da yawa suna hawa kan wurin aiki ne gwargwadon yawan mutanensa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta shafi mai ma'aikata 5 zuwa sama. Dokar fansho ta 2014 ta ambaci kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya wajaba a kan mai ma'aikata 25 ko fiye, haka ma kuɗin horar da ma'aikata da ake biyan hukumar ITF, bayan gyaran da aka yi wa dokarta a 2023. Kamfanin da ke da mutum 23 a bara, ya ɗauki huɗu a bana, ya shiga wani sabon hukunci ba tare da kowa ya aiko masa da sanarwa ba.

Bayan ƙidaya sai rabewa. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ta 1974 ce, ba kowane mai albashi take kira ma'aikaci ba. Sashe na 91 ya taƙaita ta ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya fitar da masu riƙe da ragamar gudanarwa da ƙwararru irin su injiniyoyi da likitoci da akantoci. Waɗannan na biyun haƙƙinsu yana cikin yarjejeniyar da suka sa wa hannu da littafin ƙa'idojin kamfani da kuma hukunce-hukuncen kotu. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ɗauka tun da dokar ba ta ambaci manaja ba, to ba shi da kariya. Yana da ita, domin tun gyaran kundin tsarin mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duk wata shari'a da ta shafi aiki, ya kuma ba ta ikon duba abin da ake ɗauka adalci ne a harkar ƙwadago a duniya. Kotun tana zama a Abuja, tana kuma da reshe a Jos, saboda haka ma'aikacin da ke jin an zalunce shi ba ya bukatar doguwar tafiya.

Takardar ɗaukar aiki

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ɗaukar aiki wata uku daga ranar farawa ya miƙa wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Ni dai shawarata kada a jira wata ukun, a ba shi takardar kafin ya taɓa aiki, domin rigimar da ke tasowa a makonnin farko ba ta jiran a gama buga takarda. Dole takardar ta ƙunshi sunan wurin aiki, da suna da adireshin ma'aikaci, da ranar ɗaukarsa, da irin aikin, da ranar ƙarewa idan na ƙayyadadden lokaci ne, da tsawon notis ɗin da kowane ɓangare zai bayar, da yawan albashi da yadda ake lissafinsa da lokacin biyansa, da awoyin aiki, da hutu, da abin da za a yi idan ya kwanta rashin lafiya. Idan daga baya aka canza wani sharaɗi, a sanar da shi a rubuce cikin wata guda.

Akwai abin da dokar ba ta tilasta ba amma na ga amfaninsa ƙwarai. Da yawa daga cikin direbobinmu da masu gadinmu da leburorinmu ba sa karanta Turanci, sai a miƙa musu takarda mai shafi huɗu su dangwala hannu. A zaunar da irin wannan ma'aikaci a fassara masa sharuɗɗan da Hausa ko da harshen da yake ji, a gaban shaida, a rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta masa ya fahimta, shaidan ya sa hannu. Wannan yana rufe ƙofar cewa an yaudare shi, amma abin da ya fi wannan a wurina shi ne mutum ya san abin da ya shiga da idonsa a buɗe.

Littafin ƙa'idojin ma'aikata ma ba ya amfani idan yana kulle a durowar manaja. A ambace shi a cikin takardar ɗaukar aiki a matsayin wani ɓangare na yarjejeniya, a ba kowa kwafinsa, a karɓi sa hannunsa cewa ya karɓa. Kuma a sani cewa duk abin da aka rubuta a ciki zai iya zama hujja a kan kamfanin kansa: idan littafin ya ce za a yi gargaɗi sau biyu kafin kora, to sau biyu ɗin za a yi, ko da mai gida ya fusata. Don haka kada a kwafo littafin wani babban banki a liƙa masa sunan makarantar firamare ta Kubwa, a rubuta abin da za a iya cikawa.

Ma'aikatan wucin gadi wuri ne da bango ke tsagewa. Mutumin da ya shekara huɗu yana zuwa kullum, yana bin umarnin shugaban sashe, yana karɓar kuɗi duk ƙarshen wata, kiransa ɗan wucin gadi ba zai hana kotu ta kalli haƙiƙanin dangantakar ba. Idan kuma ta hannun wani kamfani aka samo masu gadi ko masu shara, a nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago da shaidar cewa yana biyansu albashi da fansho, a kuma sa wannan sharaɗi a cikin kwangilar, domin Kotun Ma'aikata ta sha ɗora alhaki a kan kamfanin da ya kawo ma'aikaci da wanda ake yi wa aikin gaba ɗaya.

Kuɗi da ranakunsu

Nan ne ya kamata jami'in ma'aikata da akanta su zauna a teburi ɗaya, su liƙa jadawali ɗaya a bango, domin yawancin asarar da na gani ta fito ne daga kowannensu yana zaton ɗayan ya biya.

Albashi ba ya wuce wata guda ba a biya ba, kuma da kuɗi ake biya, ba da buhun shinkafa ko kayan shago ba. Mafi ƙarancinsa naira 70,000 ne a wata tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar a watan Yuli na 2024, gyaran da ya kuma rage lokacin sake duba adadin daga shekara biyar zuwa uku, saboda haka mai tsara kasafin kamfani ya sa ran sauyi tun da wuri. Game da yanke albashi, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tarar ma'aikaci ta hanyar zaftare masa kuɗi yadda aka ga dama, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Al'adar nan ta cewa kowa ya makara minti goma a cire masa dubu biyu ta yaɗu a shagunan Wuse da makarantun kuɗi, amma yaɗuwarta ba ta halatta ta ba.

A fansho, kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma ana lissafin ne a kan tushen albashi haɗe da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kai naira 150,000, za a cire wa ma'aikaci 12,000, kamfani ya ƙara 15,000, a tura 27,000 asusunsa cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi. Tarar jinkiri ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ba a tura ba a kowane wata, kuma tana taruwa. Cire kuɗin mutum a riƙe shi ya fi ƙin cirewa muni, domin dukiyarsa ce aka karɓa da sunan tsufansa, aka juya ta a wata harka. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai ta rukuni wadda ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin ma'aikaci na shekara ba, abin da iyalansa za su karɓa idan ya rasu yana bakin aiki. Wanda bai yanki wannan inshora ba, ranar da aka yi rasuwa nauyin zai dawo kansa. Ko kamfanin da bai kai mutum 15 ba, ina ba shi shawarar ya shiga tsarin, musamman idan yana neman kwangilar gwamnati, inda ake tambayar takardar shaidar hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, tare da ta NSITF, mai kula da diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, da ta ITF.

Harajin albashi ana tura shi ne zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, sannan a shigar da bayanan shekara kafin ƙarshen 31 ga Janairu. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, don haka duk mai amfani da tsohon lissafi ya gyara. Wani abu da ya fi shafar Abuja shi ne harajin yana bin inda ma'aikaci ke zaune ne, ba inda ofis yake ba. Ofis yana Garki, amma wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka harajinsa na Jihar Nasarawa ne, na Suleja da Madalla na Jihar Neja, na Gwarinpa da Lugbe kuwa na hukumar harajin Babban Birnin Tarayya. Wannan ne dalilin da ya sa na ce a rubuta unguwar kowa a ƙidayar farko, a kuma sabunta ta duk shekara.

Sauran ukun ba su da rikitarwa. Hukumar NSITF tana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata, daga aljihun kamfani, ba a cire wa ma'aikaci. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, tana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara zuwa ranar 1 ga Afrilu, kuma kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojinta zai iya neman a mayar masa da abin da ya kai rabin abin da ya biya, kuɗin da mutane da yawa ke bari saboda ba su ajiye rasit da takardun horon ba. Asusun gidaje na ƙasa, mai kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu tun 2023, saboda haka kada a cire sai da amincewar mutum a rubuce.

Hutu

Abin da doka ta tanada kaɗan ne, kuma shi ne ƙasa, ba a sauka daga gare shi: hutun shekara na kwanakin aiki 6 bayan wata 12 a jere, hutun rashin lafiya na kwanakin aiki 12 a shekara da cikakken albashi idan likita ya ba da shaida, da kwana ɗaya na hutu a kowane mako. Mai juna biyu tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata 6 tana aiki, sannan rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma haramun ne a ba ta notis ɗin sallama tana cikin wannan hutu. Gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta mata mako 16, maza kuma kwanakin aiki 14, wannan bai hau kan kamfani mai zaman kansa ba, amma ma'aikatanka za su ji labarinsa a wurin maƙwabtansu, kuma wanda ke da hali ya kyautu ya matsa kusa da shi.

Ladabtarwa da sallama

A nan ne mafi yawan shari'o'i ke fitowa, kuma a nan ne zuciya ke saurin rinjayar hankali. Abu na farko shi ne a bambance hanyoyi biyu. Akwai kawo ƙarshen aiki ta hanyar notis, inda ba a zargin mutum da laifi kuma yana tafiya da dukkan haƙƙoƙinsa. Akwai kuma kora saboda babban laifi, wadda ke ɓata suna, ta kuma iya hana shi wasu haƙƙoƙi. Wanda ya zaɓi hanya ta biyu ya ɗauki nauyin tabbatar da laifin, domin idan aka ambaci dalili a takarda, kotu za ta ce a kawo hujjarsa.

Tsawon notis a sashe na 11 na Dokar Ƙwadago yana bin daɗewar ma'aikaci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Idan yarjejeniyarsa ta ba shi fiye da haka, ita za a bi. Idan kuma kuɗi za a ba shi a madadin notis, a biya shi a ranar da aka miƙa masa takardar, kada a ce ya dawo ƙarshen wata.

Shekaru da yawa manyan kotunan ƙasar nan suna kan cewa mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko babu dalili, muddin ya ba da notis. Kotun Ma'aikata ta kauce wa wannan a hukunce-hukunce da dama, inda ta ce sallama ba tare da dalilin da ya shafi ƙwazon mutum ko halayyarsa ko bukatar aikin ba rashin adalci ne, tana dogaro da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Tun da a wannan kotu ƙarar za ta fara, hikima ita ce kada a rubuta jimlar nan ta "ba a bukatar aikinka" a tsaya. A sami dalili na gaskiya, a tabbatar yana cikin fayil tun kafin ranar sallama, sannan a faɗe shi a taƙaice.

Idan laifi ake zargi, a fara da takardar neman bahasi mai faɗin abin da ake zargi da ranar da ya faru da wurin, ba wai "rashin ɗa'a" a dunƙule ba. A ba shi lokacin amsawa da ya dace da nauyin zargin, a karɓi amsarsa a rubuce. Idan amsar ba ta gamsar ba, a kafa kwamitin mutum uku wanda babu mai ƙorafin a cikinsa, domin ba ya yiwuwa wanda ya kawo ƙara ya zama alƙali. A nuna wa wanda ake zargi takardu da shaidun da ake da su, a bar shi ya yi tambaya, ya kawo nasa shaidan, ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya idan yana so. A rubuta duk abin da aka faɗa, kowa ya sa hannu. Idan zamansa a wurin zai dagula bincike, a dakatar da shi na ƙayyadadden lokaci, kuma kada a tsayar da albashinsa sai idan yarjejeniya ko littafin ƙa'idoji ya ba da wannan dama a fili. Dakatarwar da ba ta da ranar ƙarewa kora ce da aka ɓoye.

Abubuwa uku nake roƙon a guje musu. Kada a tilasta wa mutum rubuta takardar murabus da sunan rufa masa asiri, domin kotu tana ɗaukar murabus na dole a matsayin kora. Kada a riƙe takardun makarantarsa na asali a matsayin jingina. Kada kuma a kira 'yan sanda don a tsorata shi a kan abin da bai wuce saɓanin aiki ba, tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba wata ƙara ce daban mai diyyarta. Na san yadda kunya ke sa shugaba ya ƙi rubuta gargaɗi ga wanda suke salla a sahu ɗaya ko wanda dattijon unguwa ya kawo, sai a yi ta haƙuri har ranar da haƙuri ya ƙare, a kore shi lokaci guda alhali fayil ɗinsa babu ko tabo. Gargaɗin da aka rubuta da wuri cikin mutunci ya fi wannan tausayi amfani ga ma'aikacin kansa, domin yana ba shi damar gyarawa.

Idan kasuwa ce ta ja baya har ya zama dole a rage mutane, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar cewa wanda ya zo a ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi iya ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Shiga ƙungiyar ƙwadago haƙƙin ma'aikaci ne, ba a sa barinta ya zama sharaɗin aiki, ba a kuma fakewa da rage ma'aikata a kawar da masu magana da yawunta.

Rauni, cin zarafi da sirri

Ranar da lebura ya faɗo daga bene ko na'ura ta kama hannun ma'aikaci, bayan an kai shi asibiti agogo ya fara tafiya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da kamfani, kamfani kuma kwana 7 ya kai rahoto hukumar NSITF, idan rasuwa ce nan take, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Dokar ta haɗa da haɗarin da ya faru a hanya tsakanin gida da wurin aiki, abin da ya dace duk mai ma'aikatan da ke bin titin Nyanya ko na Zuba kullum ya riƙe. A ajiye littafin haɗura, a rubuta har ƙaramin yanka.

Game da cin zarafin mata a wurin aiki, Kotun Ma'aikata ta taɓa ɗora diyya a kan kamfani saboda abin da shugabansa ya yi, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022, ga kuma dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 da ke aiki a Abuja. A samar da hanyar ƙorafi fiye da ɗaya, a cikinsu har da mace mai daraja da za a iya zuwa wurinta, domin wadda shugabanta ke damunta ba za ta kai ƙara wurinsa ba, kuma a al'adarmu ba kowace magana mace ke iya faɗa wa namiji ba. Wata doka ta 2014 ta hana nuna bambanci ga mai cutar ƙanjamau, don haka ba a sa gwajinta ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, dokar masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ita ma ta hana a ƙi mutum saboda nakasa. Fayil ɗin ma'aikaci kuwa, mai ɗauke da lambar asusunsa da bayanan lafiyarsa, yana ƙarƙashin dokar kare bayanan sirri ta 2023, a kulle shi, a iyakance masu buɗe shi, kada kuma a tura jadawalin albashi ko takardar tuhumar wani a zauren WhatsApp na ofis.

Idan ka gaji ɓarna

Sau da yawa jami'in ma'aikata yakan zo ne ya tarar an yi shekaru ana tafiya a karkace, kuma ba zai iya gyara komai a wata ɗaya ba. A jera matsalolin bisa nauyinsu: wacce ke tara tara kowane wata, wacce za ta iya faɗowa gobe da kuɗi mai yawa, wacce kuma za ta iya jira. A wurina bashin fansho da harajin da aka cire ba a tura ba su ne na farko, sai inshorar rai da rajistar NSITF, sai takardun ɗaukar aiki, littafin ƙa'idoji ya biyo baya. Bayanan albashi doka ta ce a ajiye su shekara uku, amma fayil ɗin wanda ya bar aiki a riƙe shi fiye da haka, domin ƙara takan zo bayan an manta da mutum.

Wurin mai kamfani kuma a je da lissafi a takarda ɗaya, ba da tsoratarwa ba: ga abin da ake bin mu yau, ga abin da zai zama nan da wata shida idan aka bari, ga yadda za a biya kashi-kashi. A nemi lauya mai sanin harkar ƙwadago kafin a sallami babban ma'aikaci ko a rage mutane da yawa, kada a bari sai sammaci ya iso, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ma ƙarar ta riga ta shiga, kotun tana da cibiyar sulhu da za a iya neman a mayar da maganar can. Game da bashin fanshon, a lissafa na kowane ma'aikaci wata-wata da sunansa da lambar asusunsa, a fara tura na watan da ake ciki a kan lokaci don kada ramin ya ƙara zurfi, sannan a rubuta wa hukumar PenCom a bayyana tsohon bashin da jadawalin biyansa, a kuma tara ma'aikatan a gaya musu gaskiyar abin da ya faru da kuɗinsu da ranar da kowa zai fara ganin saƙon shigarsa a wayarsa.